Malabo: Maƙwabciyar da Ba a Shigarta da Fasfon ECOWAS Kaɗai

Daga Kalaba zuwa Malabo bai kai nisan Kano zuwa Kaduna ba. Agogon can da na Najeriya da Nijar ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. Wannan kusancin ne yake ruɗar mutanenmu, su ɗauka zuwa Gini Ikwatoriya tamkar tsallakawa Kwatano ne ko Maraɗi. Ba haka abin yake ba. Ƙasa ce da Sifaniya ta mulka har zuwa 12 ga Oktoban 1968, ita kaɗai ce ƙasa mai cikakken 'yanci a Afirka da Sifaniyanci yake harshen hukumarta, ba ta cikin ECOWAS, kuma jami'anta ba su wasa da takarda. Mai niyyar zuwa, ko don fatauci ko aiki ko buɗe ido, gara ya yi shirin tafiya mai nisa.

A fara da biza, don a nan yawancin tafiyar take lalacewa tun ba a tashi ba. Ɗan Najeriya, ɗan Nijar da ɗan Ghana duk sai da biza. Tun 2023 ƙasar ta buɗe hanyar nema ta intanet, ga kuma ofishin jakadancinta a Abuja. A tanadi fasfo mai sauran kwana, tikitin dawowa, da shaidar masauki ko wasiƙar gayyata daga wanda zai karɓi baƙo. Mutanen Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar CEMAC tare da ƙasar, kuma a rubuce an amince da zirga-zirga tsakaninsu ba tare da biza ba. A aikace kuwa, iyakar da ke tsakanin Kye-Ossi ta Kamaru da Ebebiyin ta Gini Ikwatoriya an sha rufe ta, wani lokacin ba sanarwa, 'yan kasuwa su kwana da kayansu a bakin shinge. Saboda haka ko ɗan Garwa ya tambayi halin da iyaka take ciki kafin ya hau mota.

Akwai masu kwale-kwale da suke yi wa matasa alkawarin tsallakar da su ta ruwa daga gaɓar Najeriya ko Kamaru a kan kuɗi kaɗan. Wannan ba hanya ba ce. Tekun Gini ya ci mutane da yawa, akwai 'yan fashin ruwa, wanda ya tsira ya isa kuma ya isa ne ba hatimin shiga a fasfonsa. Hukumomin ƙasar sukan yi samamen baƙin da ba su da takardun zama, a tsare su, a tasa ƙeyarsu gida.

Tsaurin nan yana da tarihi. A zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake kiran tsibirin Bioko, inda Malabo take, da sunan Fernando Po, gonakin kokonsa da gumin leburorin kudu maso gabashin Najeriya suka tsaya, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Ingila da Sifaniya suka ƙulla a 1942. Da mulkin Francisco Macías Nguema ya yi tsanani, gwamnatin Murtala ta kwashe dubban 'yan Najeriya zuwa gida tsakanin 1975 da 1976. Teodoro Obiang Nguema ya kifar da Macías a Agustan 1979, shi ke kan mulki tun daga lokacin. Da man fetur ya fara kwarara a tsakiyar shekarun 1990, baƙi suka sake tururuwa, ƙasa kuwa ƙarama, mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. Gwamnati mai tsoron juyin mulki, da jama'a mai ganin baƙi za su fi ta yawa, dole shingayen bincike su yawaita.

Za ka ci karo da su a hanyoyin wajen gari, wani lokaci a cikin garin ma. Kada ka fita ba shaida a jikinka. Ka yi kwafin fasfo da biza da yawa, ka rarraba su a jaka da aljihu, ka kuma ajiye hotonsu a waya. Idan an tsayar da kai, gaisuwa ta fara, fuska a sake, amsa a taƙaice. Gardama da mai kaki a harshen da ba ka iya ba asarar yini ce. Abu mafi saurin jefa baƙo cikin matsala shi ne hoto. Fadar shugaban ƙasa, barikin soja, tashar jiragen ruwa, filin jirgin sama, gine-ginen gwamnati, duk a bar waya a aljihu. Fadar ma tana daf da babban cocin Santa Isabel a tsakiyar Malabo, wurin da kowane baƙo yake sha'awar ɗauka, don haka a lura da inda aka nufa da kyamara. Hawa dutsen Basile da zuwa wasu sassan kudancin tsibirin sukan buƙaci takardar izini daga hukumar yawon buɗe ido. A nema a Malabo tun kafin a kama hanya. Hirar siyasa kuwa, da direban tasi ko da wanda aka haɗu da shi a shago, ba ta baƙo ba ce.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. A yi ta da gaske, a bar sayen kati a bayan fage. Sauro ba ya karanta hatimi. Zazzaɓin cizon sauro yana nan duk shekara, duk da shirin yaƙi da shi da aka fara a Bioko a 2004 ya rage shi sosai. Wanda ya daɗe a Turai ko Saudiyya ya sani cewa ɗan sabon da jikinsa ya yi da cutar tun yana gida ya riga ya gushe, ya ga likita ya karɓi maganin kariya. Ruwan sha na gora. Asibitocin kuɗi masu kyau suna Malabo da Bata, amma da tsada, don haka mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da maganinsa a kwalinsa na asali.

Batun kuɗi yana da tarko ga 'yan Nijar musamman. Sefa ake kashewa, amma ta Afirka ta Tsakiya, irin ta Kamaru da Chadi, wadda ƙasar ta koma amfani da ita a 1985. Darajarta ɗaya da sefar Yamai, dukansu 655.957 a kan yuro ɗaya, sai dai takardun daban ne, mai shago ba zai karɓi ta yamma ba, mai canji kuma sai ya yanki nasa. Naira a bar ta a gida. Yuro ya fi sauƙin canzawa. Katin banki yana aiki a manyan otal-otal, na'urar cirar kuɗi kuma ba abin dogaro ba ce, musamman a wajen manyan birane biyu. A riƙa tara ƙananan takardu, don canjin jaka goma yakan gagari mai tasi. Rayuwa da tsada, domin yawancin abinci shigo da shi ake yi daga Kamaru da Sifaniya. Soket ɗin lantarkinsu na Turai ne mai ƙafa biyu zagayayyu. Mai caja irin ta Najeriya ya sayi mahaɗi.

Sai ruwan sama, wanda mutumin Sahel ba ya iya ƙiyasta shi sai ya gani. Ƙauyen Ureka a kudancin Bioko yana samun sama da milimita 10,000 a shekara, wajen ninki goma na abin da ke sauka a Kano. A tsibirin, Disamba zuwa Fabrairu ne rani, har ɗan hazon hunturu yakan leƙo, kuma a watannin ne kunkurun teku suke fitowa saka ƙwai a yashin kudu. A ɓangaren ƙasar da ke kan doron nahiyar Afirka, wato Río Muni inda Bata take, Yuni zuwa Agusta ne ruwa yake ɗagawa, daidai lokacin da Malabo take jiƙe sharkaf. Zafin ba ya kai na Sakkwato, amma iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, wanki ma haka. Shadda mai sitaci wahala ce. Tufafin auduga marasa nauyi sun fi. Duk da haka a sa rigar sanyi ɗaya a jaka, domin garin Moka a kan tudu yake, dutsen Basile kuma ya haura mita 3,000.

Ga Musulmi, abinci ne wurin lura. Kirista ne mafi rinjaye, kantuna kuma cike suke da kayan Sifaniya, inda alade yake shiga abubuwa da yawa. Kalmomi biyar sun isa a haddace: cerdo, jamón, chorizo, tocino, manteca. In an ga ɗayansu a jikin gwangwani ko takardar abinci, a wuce. Malamba da topé giya ne na gargajiya, na rake da na kwakwar manja, kada suna ya ruɗi mutum. Kifi ne mafita, ga shi sabo, gasasshe ko a farfesun da suke kira pepesup, da ayaba ko rogo. A kasuwa za a ga naman daji, har da biri. Ban da hukuncin shari'a, a tuna cewa cutar Marburg, wadda asalinta daga jemage take, ta ɓulla a lardin Kié-Ntem a Fabrairun 2023 kafin a shawo kanta a Yunin shekarar. Akwai babban masallaci a Malabo, akwai kuma Hausawa da 'yan Mali da Senegal da suka daɗe suna kasuwanci. A wurinsu ake sanin mahaucin da yankansa ya halatta da masauki mai sauƙin kuɗi. Alƙibla ta fi ta Kano karkata arewa, dare da rana kuma kusan kai ɗaya suke duk shekara, lokutan salla ba sa motsawa sosai.

Turanci ba ya kai mutum nesa. Faransanci da Fotugis suna cikin harsunan hukuma, Faransancin ma yana taimakawa a kasuwannin Bata, amma ɗan sanda da ma'aikacin ofis Sifaniyanci suke yi, a gida kuma Fang ko Bubi. Wanda ya iya Burokan ya yi sa'a a Malabo, domin Pichi da ake yi a unguwanni ɗan'uwansa ne, ana fahimtar juna in an bi a hankali. Gaisuwa, ƙirga kuɗi da tambayar hanya dai a koye su da Sifaniyanci tun a gida.

Tsakanin Malabo da Bata jirgin sama ne ko na ruwa, kuma lokacin tashi yakan canza, don haka kada a tsara dawowa tsibirin a ranar da jirgin gida zai tashi. Daga Bata titi mai kyau ya miƙe zuwa Ciudad de la Paz, sabon birnin da aka sare daji aka gina domin ya zama mazaunin gwamnati. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Malabo da ƙaramin ofishi a Bata. A kai musu suna da lambar waya a makon farko, a kuma rubuta ranar ƙarewar biza a inda ido zai riƙa ganinta, domin wanda ya zarce wa'adi a filin jirgi zai yi bayani.