Saɓanin Masu Karatu a kan Labari Mai Bin Zuciyar Tauraro: Misali daga Rasha

A wannan maƙala za mu duba abin da kan raba masu karatu wajen auna ingancin ƙagaggen labarin da ya dogara ga saƙe-saƙen zuciyar tauraro. Misalinmu shi ne littafin Dostoyebski mai ma'anar "Laifi da Horo", wanda ya fito kashi-kashi a wata mujallar Rasha cikin 1866.

Tun a kashin farko cikin shida ɗalibin nan Raskolnikob ya kashe tsohuwa mai karɓar jingina da ƙanwarta. Watau an san mai laifi tun da wuri. Abin da ya saura shi ne zazzaɓi da fargaba da gardamarsa da kansa. To, a nan aka rabu. Manazarci Eliseyeb ya ce ƙazafi aka yi wa ɗalibai. Pisareb kuwa ya ɗora kisan a kan talauci, alhali yaron ya tura jakar kuɗin ƙarƙashin dutse, bai ko ƙirga ba. A ganinmu su biyun siyasar zamaninsu suka auna. Sitirakob ne ya lura cewa marubucin tausayin tauraronsa yake ji.

Sukan Nabokob, wanda ya koyar a Amurka a shekarun 1950, ya fi wuyar turewa, domin a kan fasaha ya tsaya: ya ƙi wurin da aka zaunar da mai kisa da karuwa suna karanta Linjila tare, ya ce neman hawayen mai karatu ne da araha.