Ƴaƴan kifin teku: sau nawa ake ba su abinci a rana?

Duk mai saye da sayar da kifi ya san kilo, ya san kwali, ya san farashi. Amma kaɗan ne suka san wahalar da ake sha kafin ƙwan kifi ya zama abin ɗorawa a sikeli. Maganar kuwa ta shafe mu, domin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayyana cewa a shekarar 2022, karo na farko a tarihi, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka yi kiwo sun zarce waɗanda masunta suka kamo, har suka kai kashi 51 cikin 100. A harkar kiwon nan, babu lokacin da ake tafka asara kamar makonnin farko bayan ƙyanƙyasa, kuma yawancin asarar daga wajen ciyarwa take fitowa.

Ɗan da aka haifa ba shi da tumbi

Ƙasashen bakin Tekun Bahar Rum, musamman Turkiyya da Girka da Masar, su ne kan gaba wajen kiwon wasu kifayen teku guda biyu da ake kira dorad da bar. Ƙwan dorad bai wuce milimita 1 ba, ɗan da ke fitowa daga ciki kuma tsawonsa kamar milimita 3 ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yana fitowa bakinsa a rufe, da ɗan guzurin gwaiduwa manne a cikinsa. Bayan kwana 3 zuwa 4 guzurin ya kusa ƙarewa, baki ya buɗe. Idan bai samu abinci a ƴan kwanakin nan ba, zai galabaita ta yadda ko an kawo daga baya ba zai iya kamawa ba.

Babbar matsalar ita ce, a wannan lokaci ba shi da tumbi. Hanji ne kawai miƙaƙƙe, abinci ya shiga ya fice cikin ƴan awoyi. Ba shi da wurin ajiya, don haka ba ya iya ƙoshi da safe ya jira maraice. Iyayenmu mata sun fi kowa fahimtar wannan, tun da haka jariri yake: kaɗan-kaɗan, amma a kai a kai.

Abinci mai rai

Ɗan kifin teku da ido yake farauta, abin da ke motsi yake kai wa cafka. Shi ya sa abincinsa na farko wasu ƙananan halittun ruwa ne da ake kira rotifa, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Mutanen Japan ne suka fara amfani da su ta wannan hanya a shekarun 1960. A gidajen ƙyanƙyasa ana son a samu rotifa kamar 5 zuwa 10 a kowace mililita ta ruwa, wato 25 zuwa 50 a cikin ƙaramin cokalin shayi. Ma'aikata na ɗibar ruwan su ƙirga, su cike abin da ya ragu, yawanci sau 2 zuwa 4 a rana. Ana kuma barin fitila a kunne awoyi masu yawa, domin a cikin duhu ƴaƴan ba sa ganin abin kamawa.

Wani zai ce, me ya hana a zuba na yini guda tun da safe a huta? Dalili shi ne, rotifa kamar buhu take, abin da aka ɗura mata shi take kai wa kifi. Kafin a zuba ta sai an ciyar da ita wani mai na musamman da ke gina ido da ƙwaƙwalwar ɗan kifi. Idan ta yi awoyi tana yawo ba a cinye ta ba, man ya ƙare, ta zama buhun da babu kome ciki.

Bayan mako 2 zuwa 3, baki ya ƙara faɗi, sai a koma ga artemiya, wata ƴar halitta da ke rayuwa a tafkuna masu gishiri. Ƙwanta busasshe ake sayarwa cikin gwangwani, da yawansa daga babban tafkin gishiri na jihar Utah ta Amurka, kuma yana da tsada ƙwarai. Ana jiƙa shi a ruwan gishiri, ya ƙyanƙyashe cikin awa 24. Daga nan sai yaye, wanda kan kammala bayan wata 1 zuwa 2, inda ake saba musu da busasshen gari. Shi garin nutsewa yake yi, don haka inji ne ke barbaɗa shi ɗan kaɗan sau da dama a cikin yini. Wanda ya wuce kima yakan ruɓe a ƙasa, ya cinye iskar ruwan, ya kashe kifin da aka so a ciyar.

Ina ruwanmu a nan Nijar?

Kifin sanyi da ake sauke mana cikin kwali a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, irin su shinshar da makaro, kamo shi ake yi a teku, ba na kiwo ba ne. Amma tarwadar da ake kiwo a tafkunan siminti a nan da Najeriya, ƙasar da ta fi kowace kiwon wannan kifi, ita ma a kan wannan ƙa'ida take tashi. Ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana 1 idan ruwa na da ɗumi, guzurinta ya ƙare a kwana 3, kuma masu ƙyanƙyasa da yawa da artemiyar nan suke farawa. Suna ciyarwa kamar kowace awa 3 zuwa 4, har da dare, tun da tarwada da gashin bakinta take laluben abinci, duhu ba ya hana ta. Sa'arta ita ce tumbinta na kammala cikin kamar mako guda, shi ya sa ake yaye ta da wuri.

Sai dai tarwada ba ta da haƙurin yunwa. Idan aka tsallake ciyarwa, waɗanda suka fi ƙarfi sai su afka wa ƴan uwansu. Haka mutum zai zuba dubu, ranar kwasa ya tarar da ƴan ɗaruruwa, ya yi ta zargin ɓarawo alhali ɓarawon na cikin ruwa.

Saboda haka, ɗan kasuwa ko ƙungiyar mata da ke shirin sa jari a kiwon kifi, kada ku tsaya ga farashi kawai wajen sayen ƴaƴa, araha ba ta ado. Ku tambayi mai ƙyanƙyasa sau nawa yake ciyarwa, da me, kuma ko an gama yaye. Ku duba ko girmansu ɗaya. Wanda kuka gani da ƙaton kai da siririn jiki, ya sha yunwa. Ku shinshina ruwan, idan yana wari an zuba abinci ya wuce kima. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma kifin da za ku sayar ko ku yi banda da shi nan da wata 5 ko 6, a makonninsa na farko ake sanin ko zai mayar da kuɗi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.