Madugu A Kan Keke: Yadda Birtaniya Ke Horar Da Masu Jan Ayari A Duwatsu

Masu iya magana sun ce iya ruwa fid da kai. Wannan magana gaskiya ce muddin mutum shi kaɗai ya faɗa kogin. Amma da zarar an damƙa masa 'ya'yan mutane ya haye da su, to iya ruwansa kaɗai ba ya wadatarwa, dole a tambaye shi ko ya san inda kogin ya yi zurfi, ko ya san lokacin da ya kamata a haƙura da tsallakawa, da kuma abin da zai yi idan ɗaya daga cikinsu ya fara shan ruwa. A kan wannan bambanci ne ƙasar Birtaniya ta gina wata sana'a da ba kasafai muke jin labarinta ba, wato jagorantar ayarin masu hawan keke a kan duwatsu da cikin dazuzzuka. Makarantu da cibiyoyin wasanni da kamfanonin inshora na can ba sa sakar wa mutum wannan aiki sai ya yi horo, an jarraba shi, an kuma ba shi takardar shaida.

Shi dai wasan hawan dutse da keke ba tsoho ba ne. A shekarun 1970 ne wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa kwaso tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A 1976 suka fara wani tsere kusa da garin Fairfax da suka laƙaba wa suna Repack, saboda tsananin gangaren yakan sa birki ya yi zafi har man da ke cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke musamman domin wannan wasa, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa, a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango, sannan a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Cikin shekara ashirin abin da ya fara a matsayin sharholiyar samari ya zama harkar da makarantu ke kai yara, kamfanoni ke karɓar kuɗin baƙi su zagaya da su. Daga nan ne tambayar wanda zai ja ragamar tafiyar ta taso.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin horo a cikin tuƙa keke? Amsar tana cikin yanayin wurin. Duwatsun Birtaniya ba su da wani tsawo na a zo a gani, domin mafi tsawonsu, Ben Nevis, mita 1,345 ne kacal. Sai dai yanayinsu mayaudari ne. Zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000, ga iska, ga ruwan sama, ga hazon da kan rufe hanya cikin 'yan mintuna. Mai keke yana tafe yana gumi, amma idan sarƙa ta tsinke ko wani ya faɗi ya karye aka tsaya cik, jiƙaƙƙen jiki yakan huce da sauri, kuma da zarar ɗumin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35 ya shiga haɗari. Bugu da ƙari, keke yana da wata illa da tafiyar ƙafa ba ta da ita: cikin sa'a guda yana iya kai ayari nisan da idan keken ya lalace sai an yi sa'o'i uku ko huɗu ana turawa kafin a dawo bakin titi.

Darasin da aka saya da rayuka

Dokokin da ke kan wannan sana'a ba daga haɗarin keke suka samo asali ba. Masifu biyu ne da suka auka wa 'yan makaranta suka haife su. Ta farko ta faru a watan Nuwamba na 1971, lokacin da ɗalibai shida 'yan shekara 15 daga wata makaranta a Edinburgh suka hau tudun Cairngorm na yankin Scotland a ƙafa, tare da jagorori biyu masu ƙarancin shekaru. Guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da su, suka kasa gano bukkar da suka nufa domin fakewa, suka kwana biyu a fili. Ɗalibai biyar da mataimakiyar jagorar suka rasu. Bayan binciken da aka yi a 1972, hukumomin ilmi suka tsananta sharuɗɗa a kan wanda zai kai yara kan dutse.

Ta biyu ta faru ranar 22 ga Maris, 1993, a gaɓar tekun Lyme Bay da ke kudancin Ingila. Ɗalibai takwas da malaminsu da masu horarwa biyu suka shiga teku cikin ƙananan kwale-kwale, iska ta kora su nesa da gaɓa, kwale-kwalen suka kife, aka kuma yi jinkirin sanar da masu ceto. Ɗalibai huɗu suka mutu. A kotu ne ta bayyana cewa masu horarwar ba su da ƙwarewar da ta kai ta wannan tafiya, kuma tun watanni kafin nan wasu tsofaffin ma'aikatan cibiyar sun rubuta wa shugabanninta gargaɗi ba a saurare su ba. A 1994 aka ɗaure shugaban kamfanin, aka kuma sami kamfanin kansa da laifin kisa ba da gangan ba. Majalisa ta yi doka a 1995, sannan a 1996 aka fara tsarin ba da lasisi ga duk cibiyar da ke karɓar kuɗi ta kai 'yan ƙasa da shekara 18 shiga kogo, ko hawan dutse, ko wasannin ruwa, ko tafiya a daji mai nisa.

A cikin wannan doka ne keke ya shigo, da alƙaluma guda biyu da duk mai neman zama jagora yake haddacewa. Dokar ta shafi tafiya a ƙafa ko a doki ko a keke a buɗaɗɗen jeji mai ciyayi da dausayi, ko a wurin da ya haura mita 600 daga saman teku, idan daga wurin sai an yi fiye da minti 30 kafin a kai titin da mota ke shiga ko wata mafaka. Ma'aunin ke nan: nisan da ke tsakanin wanda ya ji rauni da taimako.

Matakan da ake bi

Yankin Scotland ne ya yi fice wajen tsara horon, inda hukumar kekensa ta kasa shi gida biyu: jagoran da aka amince ya yi aiki ƙasa da mita 600 kuma kusa da taimako, da kuma babban jagora da zai iya kutsawa can cikin duwatsu. Daga baya hukumar keke ta ƙasa baki ɗaya, British Cycling, ta shimfiɗa nata tsarin mai hawa-hawa a shekarun 2010. Ana gudanar da irin wannan horo a wurare kamar Glenmore Lodge, cibiyar horar da masu wasannin daji ta Scotland da ke gindin duwatsun Cairngorm ɗin nan, da kuma Plas y Brenin a arewacin Wales.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a karɓi mutum sai ya gabatar da kundin tafiye-tafiyensa, inda ya rubuta ranar kowace fita, da wurin, da nisan, da yanayin da ya tarar. Ana son a ga ya hau keke a wurare daban-daban, cikin rana da ruwa, domin wanda bai san ko'ina ba sai dajin bayan gidansu haddar hanya ya yi, bai koyi neman hanya ba. Ana kuma bukatar shaidar kwas na taimakon farko irin na daji, na kwana biyu, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku, da horo a kan kare yara daga cin zarafi.

A tsarin na British Cycling, matsakaicin mataki horon kwana biyu ne, sai a sallami mutum ya je ya yi ta gwaji na wani lokaci, sannan ya dawo jarrabawar yini guda. Babban matakin kuwa ya fi tsawo da tsanani. Abubuwan da ake koyarwa kusan huɗu ne. Na farko karatun taswira da amfani da kamfas, har mutum ya iya faɗin inda yake da lambobi shida da za su nuna wa masu ceto fili mai faɗin mita 100, ko da wayarsa ta mutu. Na biyu gyaran keke a daji: yin faci, haɗa tsinkakkiyar sarƙa, daidaita birki da giya, da duba keken kowa tun daga tayar gaba har ta baya kafin a tashi. Na uku tsara hanya, tare da tanadin gajerun hanyoyin ficewa idan tafiya ta ƙi. Na huɗu, wanda ya fi sauran wuya, shi ne sarrafa mutane.

A nan ne gwanaye da yawa kan yi tuntuɓe. Gwanin keke ya saba kallon gabansa, jagora kuwa rabin hankalinsa yana baya. Wajibi ne ya san lokacin da zai shige gaba domin ya hana masu rawar kai zarcewa a gangare, da lokacin da zai koma ƙarshen layi domin kada a bar mai rauni, da lokacin da zai sauka ya tsaya a gefen wani mugun wuri yana karɓar mutane ɗaya bayan ɗaya. Wajibi ne ya riƙa ƙirga mutanensa a kowace mararraba. Wajibi ne ya lura da wanda ya yi shiru bayan da yana ta surutu, domin sau da yawa shirun alamar yunwa ce ko sanyi ko tsoro, kuma babba ba ya son ya ce ya gaji a gaban tsaransa. A jakarsa akwai kayan agaji, da kayan gyara, da ƙarin riga mai ɗumi, da abinci, da wata 'yar rumfar leda da ayarin zai iya shiga ya fake. Idan abin ya gagara, ya san zai kira 999 ya nemi 'yan sanda su haɗa shi da masu ceton kan dutse, waɗanda akasarinsu 'yan sa-kai ne da za su baro aikinsu ko barcinsu, kuma isowarsu na iya ɗaukar sa'o'i.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ranar jarrabawa mai jarrabawar yakan nuna wa ɗalibi wani wuri a taswira ya ce kai mu can, ko ya tsayar da shi ba zato ya ce nuna mini inda muke, ko ya ƙirƙiro matsala ya zuba ido ya ga abin da zai fara yi. Sakamakon ba ci ko faɗuwa kaɗai ba ne, akwai na tsakiya, inda ake ce wa mutum ya je ya gyara wani fanni guda ya dawo. Wanda ya fi kowa gudu a gangare yana iya komawa gida hannu rabbana idan ya waiwaya bai san inda na ƙarshen ayarinsa yake ba.

Takardar da ke faɗin iyaka

Wani hanzari ba gudu ba, tsarin yana da masu sukarsa. Akwai masu ganin cewa kuɗin horo da na jarrabawa da na sabunta takardu yana korar 'yan sa-kai da ke fitar da yaran unguwa kyauta, kuma kwana biyu ko uku ba sa mayar da mutum mai hangen nesa. Akwai kuma tsofaffin hannu da suka yi shekaru suna jan mutane lami lafiya ba tare da ko takarda ɗaya ba. Hasali ma dokar Birtaniya ba ta hana wanda ba shi da shaida ya ja manya irinsa ba, saɓanin Faransa, inda doka ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗi domin koyar da wasa ko jagorantarsa ya mallaki shaidar da gwamnati ta amince da ita. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa aka ɗora nauyi mai yawa a kan kundin tafiye-tafiye da lokacin gwajin da ke tsakanin horo da jarrabawa, domin can ne ainihin makarantar take.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan takarda shi ne yadda take bayyana inda ikon mai ita ya tsaya. Tana ƙayyade irin ƙasar da zai shiga, da nisan da zai yi daga taimako, da yawan mutanen da zai ja. Matsakaicin jagora bai da izinin wuce tafiyar rabin sa'a daga inda motar asibiti za ta iya kaiwa. Dare da lokacin dusar ƙanƙara suna da nasu hukuncin daban. Idan ya ƙetare iyakar, to ya fita daga inuwar takardarsa, kuma mai yiwuwa daga inuwar inshorarsa. Saboda haka uban da zai miƙa ɗansa yana da damar ya tambayi matakin da jagoran yake, ya kuma gwada shi da inda za a je.

Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro zuwa Gwanja sun san wannan hikima, shi ya sa suka ce madugu uban tafiya. Ba a zaɓen madugu don ya fi kowa sauri. Ana zaɓensa don ya san zango, ya san mashigin kogi, ya san ƙarfin raunanan dabbobin ayari, kuma idan ya ce yau a nan za a kwana ba mai musa masa. Abin da Turawan Birtaniya suka yi shi ne sun ɗauki irin waɗannan siffofi sun rubuta su, sun kasa su mataki-mataki, sun sa wanda zai jarraba su, bayan da suka binne yaran Cairngorm da na Lyme Bay.

A ƙarshe, mafi wuyar abin da ake nema ga jagora shi ne furta kalmar "mu koma" alhali ƙololuwar dutsen tana gabansa, mutanen da suka biya kuɗinsu suna gunaguni, shi kuma ya san shi kaɗai da ya kai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk wanda aka horar har ya iya faɗin wannan kalma a kan kari, ya kuma ƙirga mutanensa a bakin titi ya same su cif kamar yadda ya tashi da su, shi ne ya cancanci a kira shi madugu, ko da kuwa a kan keke yake.