Kallon namun daji: Bayan zangon farko, ina ya kamata a ƙara?

A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, inda gonaki suka haɗe daga bakin wannan gari zuwa bakin wancan, yaro kan girma har ya yi aure bai taɓa ganin giwa ko zaki ba, in ba a waya ko a gidan zu na Kano ba. Sunayen suna nan a tatsuniya da karin magana da kirarin mafarauta, amma dabbobin sun daɗe da barin yankin.

Shi ya sa matashin da ya samu wadata a birni, ko ɗan ci-rani da ya zo hutu daga Turai ko ƙasashen Larabawa, idan ya so nuna wa iyalinsa namun daji, dole ya ɗaura niyyar doguwar tafiya. Tun da kuwa ba kullum ake yin ta ba, tambayar da kan biyo baya ita ce: bayan wurin da aka nufa tun farko, wane zango za a ƙara don tafiyar ta biya kuɗinta?

Amsar ba ta cikin kyawun tanti ko faɗin gadon kwana. Zango na biyu yana da amfani ne idan zai nuna maka abin da na farko ba shi da shi, a lokacin da ya dace, a hanyar da za ka je ka dawo lafiya.

Dalilin ƙara zango

A Kenya da Tanzaniya da Botswana, inda wannan sana'a ta fi bunƙasa, kamfanoni kan raba tafiyar mako guda gida biyu ko uku. Dalilin kuwa shi ne kowace dabba da irin wurinta. Dorina da kada na bakin kogi, barewa da jimina na fili, raƙumin dawa na inda ƙirya da gawo da sauran itatuwan da yake ci suke. Wanda ya kwana shida a wuri ɗaya zai yi ta ganin garke ɗaya a mashaya ɗaya.

Sai dai kowane ƙarin zango yana cin rana. Dabbobi sun fi fitowa da sassafe da kuma la'asar sakaliya, da rana tsaka suna inuwa. Ranar da aka tashi daga wani zango zuwa wani, a kan rasa fita ɗaya, wani lokaci duka biyun. Saboda haka masu shirya irin wannan tafiya suka fi ba da shawarar kwana uku a kowane wuri. Mai kwana huɗu kacal a hannu, gara ya zauna wuri ɗaya.

Taswirar ta canza

Shekaru goma sha biyar da suka wuce, ɗan Nijar ba ya buƙatar dogon tunani. Zango na farko shi ne gandun dajin W da ke kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso, wanda aka kafa a 1954, hukumar UNESCO kuma ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. Akwai giwa da ɓauna da zaki da dorina, akwai masauki a Tapoa. Na biyu kuwa Kure ne, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suke kiwo a cikin gonakin mutane. A 1996 guda 49 suka rage a duniya baki ɗaya. Kulawar hukuma da ta mutanen ƙauyukan ta sa suka haura 600.

Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da ɗan jagoransu, su biyun 'yan Nijar. Kafin nan, a watan Mayun 2019, an sace Faransawa biyu a gandun Pendjari na Benin, aka kashe ɗan jagoransu. Tun daga lokacin ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka ƙara kafuwa a dazukan iyakokin uku, baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan jagora da direbobi da masu sayar da kayan hannu suka rasa abin yi.

Ga mutumin Magarya ko Dungas, wannan na nufin hanya ta juya kudu da gabas. Ta Tinkim a shiga Jigawa a wuce Kano, ko daga Dungas a ɓulla Maigatari. Da ma can Kano ta fi Yamai kusa da shi nesa ba kusa ba.

Yankari, sannan me?

Zangon farko da ya fi sauƙi daga nan shi ne Yankari a jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Akwai giwaye, waɗanda ke cikin garkunan ƙarshe da suka rage a Najeriya, ga ɓauna da gwanki da dorina da mugun dawa, ga birai da ke yawo har tsakiyar masaukin Wikki. Ruwan ɗumin Wikki, mai zafin digiri 31 rani da damina, shi ne abin da yara ba sa mantawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a kogin Gaji. Ganin zaki sai an yi babbar sa'a, kuma duk wanda ya yi maka alƙawarinsa, kuɗinka yake so.

Abin da Yankari ba ta da shi shi ne raƙumin dawa da jakin dawa da taron tsuntsayen ruwa. A nan zaɓi na biyu yake shigowa.

Mafi kusa shi ne gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, duk a jihar Bauchi, inda aka kawo dabbobi daga Namibiya a 2006, ciki har da raƙuman dawa da jakunan dawa. Ya dace da mai ƙananan yara da ƙarancin lokaci, don dabbobin ba su da wuyar gani. Amma a sani, baƙi ne a wannan ƙasa: raƙumin dawan Sumu ba irin na Nijar ba ne, mai farin jiki da dabbare-dabbare masu haske.

Na biyu, fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ke kan hanyar mai komawa Dungas ta Gumel da Maigatari. Dajin Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe na karɓar dubban tsuntsaye da ke gudo wa sanyin Turai, su haɗu da na gida irin su ɗinya da kirinjijiya. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona saboda su. Sai dai lokacin nan bai zo ɗaya da na Yankari ba. Tsuntsayen sun fi yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin ruwa ya janye su koma arewa. Mai son haɗa biyun, Fabrairu ce mahaɗarsu. Kwana kuwa a gari ake yi, Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa, ba a tantin alfarma ba.

Abin da ya rage a gida

A cikin Nijar, Gadabeji ce ta fi cancantar a sa mata ido. Tana arewacin jihar Maraɗi, bayan Dakoro, an keɓe ta a 1955, faɗinta kadada 76,000. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure a manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a can, bayan kusan shekara 50 da ɓacewarsu daga yankin. An ƙaro huɗu a 2022, kuma sun fara haihuwa. Hikimar ita ce kada a bar jinsin duka a wuri ɗaya, inda cuta ko rikici zai iya gamawa da su. Ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye, ga barewa ga rairayi ga sarari. Wanda ya je, da guzurinsa da ruwansa da izinin ma'aikatan gandun daji zai je.

Termit da Tin-Tumma, a arewa maso gabashin Damagaram bayan Gure da Tasker, sunan ya fi girma. An kafa gandun a 2012 da faɗin murabba'in kilomita 97,000, yana cikin mafiya girma a Afirka, domin kare barewar hamada da ake kira adaks. Amma ƙidayar da aka yi a 2016 guda uku kacal ta gani, bayan farauta da zirga-zirgar aikin man fetur sun tarwatsa su, a 2019 kuma gwamnati ta sake shata iyakar gandun saboda filayen man. Tafiyar masu bincike ce da ayarin motoci, ba ta ango da amarya ba.

Idan aljihu ya kai

Wanda yake neman alfarma ta gaske ba tare da ya je gabashin Afirka ba, Zakuma ce a kudu maso gabashin Chadi. Giwayenta sun haura 4,000 a 2002, mafarautan haure suka mayar da su kusan 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun. Daga baya sun sake haura 600. Akwai zakuna da manyan garkunan ɓauna da raƙuman dawa, ga gauraka jibge a bakin tafkuna. Abin mamaki ga manomin gero shi ne jan baki, tsuntsun da ake kwana ana kora daga gona: a Zakuma miliyoyinsa ke tashi kamar hayaƙi da magariba, Turawa na biyan kuɗi su kalla.

A can ma akwai mataki-mataki: Camp Nomade mai tantuna kaɗan da tsada, da masaukin Tinga mai matsakaicin farashi. Mota ɗaya ce irin ta kowa, dabbobin ma su ne. Bambancin yana ga yawan mutanen da za ku raba motar da su, da ƙwarewar ɗan jagora, da kusancin tanti da mashaya. Daga Njamena kimanin kilomita 800 ne a mota, ko a ɗauki shatar ƙaramin jirgi. Da damina ruwa ke mamaye gandun, a rufe shi.

Manyan zangunan Masai Mara da Serengeti kan wuce yuro 1,000 ga mutum ɗaya a dare ɗaya a tsakiyar kaka. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato jika 656 ke nan kowane dare. Miji da mata su ƙara kwana uku, an doshi sefa miliyan huɗu, ban da jirgi. Kuɗin da ya kai haka ya cancanci a yi masa tambayoyi.

Kafin a biya

Na farko, me ke cikin farashin? Kuɗin shiga gandu, da mota, da ɗan jagora, da ɗauko mutum daga filin jirgi, sau da yawa daban ake lissafa su. A nemi komai a rubuce, a kuma san nawa za a mayar idan tsaro ya hana tafiya.

Na biyu, hanya. An samu rahotannin hare-haren 'yan bindiga a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri, inda Yankari take, don haka labarin bara ba ya isa. A kira hukumar gandun a makon tafiya, a guji tafiyar dare. Iyakar Nijar da Najeriya da aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 an buɗe ta a Maris ɗin 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, saboda haka a tabbatar da takardun da ake nema a bakin iyaka, tare da katin rigakafin shawara. Ɗan ci-rani mai tafiya da fasfon wata ƙasa, ko da mata ko abokai baƙi, ya nemi sanin dokar rakiyar jami'an tsaro da ta shafi 'yan ƙasashen waje a Nijar.

Na uku, ina kuɗin ke zuwa? A kewayen Masai Mara, zanguna da dama hayar filin suke biya kai tsaye ga iyalan Masai masu ƙasar, shi ya sa makiyayi ke haƙuri da zakin da ke yi masa ɓarna. A Kure ma, rijiyoyi da ƙananan rance da kuɗin jagora ne suka sa manomi ya daure wa raƙumin dawa yana ci masa wake. Zangon da ma'aikatansa 'yan ƙauyen da ke kusa ne, kuɗinka na tsaron dabbar da ka je gani. Wanda komai nasa daga birni ake kawowa, kwana kawai ka saya.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a Magarya. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman nan da na Matameye da Mirya suka riƙa barin tsiron gawo a gonakinsu, don sun ga yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana ciyar da dabbobi da rani. Masu bincike sun ƙiyasta kadada miliyan biyar da itatuwa miliyan 200 da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar, kuma masana daga ƙasashe da dama na zuwa gani. Abin da ke amfanar mai gona, mai gona zai tsare shi, itace ne ko dabba. Tafkin Lassuri na jihar Damagaram yana cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya tun 2005, tsuntsayen da ke sauka Haɗeja da sanyi suna sauka a tafkunan wannan yanki ma, shamuwa kuma na zuwa kowace shekara ta yi sheƙa a tsakiyar gari gab da faɗuwar damina. Har yanzu babu ɗan jagora mai madubin hangen nesa da ke jiran baƙo a tashar motar Magarya, amma tsuntsayen da gawon suna nan.