Karnuka Masu Shinshino Cuta da Gidajen da Ke Rainonsu

A ƙauyen Great Horwood, kusa da birnin Milton Keynes a Ingila, akwai wata ƙungiyar agaji mai suna Medical Detection Dogs, wadda Dakta Claire Guest da likitan ƙashi John Church suka kafa a 2008 domin horar da karnuka su riƙa gano cuta ta hanyar shinshina. Tushen aikin shi ne, idan cuta ta shiga jiki takan sauya irin sinadaran da yake fitarwa ta gumi da numfashi da fitsari, kuma wasu daga cikin sinadaran nan masu bin iska ne, sai dai hancin ɗan Adam bai cika kama su ba. Shi kuwa kare, ƙwayoyin jin wari da ke hancinsa sukan kai miliyan 300, alhali na mutum kimanin miliyan 6 ne. Wani bincike da ya jawo hankalin likitoci ya fito ne a mujallar British Medical Journal a 2004, inda aka sa karnuka shida su zaɓi fitsarin mai ciwon dajin mafitsara daga cikin samfura bakwai, suka dace a kashi 41 cikin ɗari, alhali da canka ce kawai da ba za a sa ran su wuce kashi 14 ba.

Hancin dai halitta ce, amma natsuwar da ke sa a amfana da shi a gidajen mutane ake gina ta, kuma wannan ne ɓangaren da labaran jaridu suka fi tsallakewa. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce ba a ajiye karnukanta a keji. Kowane ɗaya yana zaune ne a gida cikin iyali, akasari gidajen 'yan sa-kai, wato mutanen da ke ba da lokacinsu ba tare da albashi ba, ita kuma ƙungiyar ta ɗauki nauyin abinci da kuɗin likitan dabbobi.

Masu rainon kwikwiyo su ne suka fi ɗaukar wahala. Ana kai musu shi yana da kamar mako takwas, ya zauna wurinsu fiye da shekara guda, kuma a tsawon wannan lokaci ba a neman su koya masa gano wata cuta. Abin da ke wuyansu shi ne su koya masa inda zai yi bahaya, da tafiya da igiya ba tare da fizga ba, da dawowa idan an kira shi, sannan su riƙa shiga da shi bas da jirgin ƙasa da kantuna har ya saba da hayaniyar yara da ƙarar injina, ya iya kwanciya shiru a ƙarƙashin tebur alhali ana cin abinci a kansa. Dalilin wannan naci yana bayyana ne idan aka dubi aikin da ke jiran wasunsu, domin akwai waɗanda za a haɗa da mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda jikinsa ba ya samar da insulin, wanda sukarin jininsa kan iya faɗuwa cikin dare bai sani ba. Karen da aka horar yakan ji sauyin warin, ya zuba wa mutumin ido, ko ya lashe shi, ko ya ɗauko masa jakar na'urar gwajin jini. Karen da ke firgita da ƙarar babur kuwa ba zai iya wannan ba, kome kaifin hancinsa. Ranar da horo ya kai, wanda ya yi rainon sai ya miƙa karen ga wani, kuma an san da haka tun ranar farko.

Rukuni na biyu su ne masu riƙon karnukan ɗakin gwaji, waɗanda ba sa haɗuwa da marasa lafiya ko kaɗan. Mai riƙon yakan kai karen cibiya da safe ya ɗauko shi da yamma, kamar yadda ake kai yaro makaranta, shi ya sa ake neman mazauna kusa. A can ana jera samfura a kan sandunan ƙarfe, karen ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kai hanci, idan ya iske mai cutar ya tsaya cak ko ya zauna, a ba shi tukwicin abinci ko ƙwallo. A gwaji na ainihi shi kansa mai horarwar ba a gaya masa inda samfurin yake, don kada karen ya karanta amsar a fuskarsa ko a motsin jikinsa.

Su ma samfuran daga masu sa-kai suke fitowa, kuma a nan ne batun ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. A wani bincike da Jami'ar Durham ta jagoranta, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018, an ba yara 'yan makaranta a Gambiya safa suka kwana da ita, aka daskarar da safar aka aika Ingila, aka gwada samfura 175, waɗanda 30 daga cikinsu na yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne amma ba su nuna alamar ciwo ba. Karnuka biyu, Lexi da Sally, sun gano kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ƙwayar, suka kuma tsallake kusan kashi 90 na marasa ita. Ga Nijeriya, wadda ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, gano mai ƙwaya da bai kwanta ba abu ne mai muhimmanci, tun da sauro daga jikinsa yake ɗauka ya kai wa wani. A 2020 an bi irin wannan hanya kan cutar korona, inda ma'aikatan lafiya da sauran jama'a suka aika safa da riguna da takunkumin fuska da suka sa.

Duk da haka, bai kamata a zuzuta sakamakon ba, domin karen da ya kuskure uku cikin goma bai isa ya maye gurbin gwajin jini ba, kuma horar da kowane ɗaya yana cin watanni da kuɗi masu yawa. Tsarin rainon ma ya dogara ne da al'adar zama da kare a cikin ɗaki, wadda ba a saba da ita ba a ƙasar Hausa, inda aikin kare ya fi karkata ga farauta da gadi. Saboda irin waɗannan dalilai ƙungiyar ta haɗa kai da masu bincike na jami'ar MIT a Amurka, inda aka yi amfani da zaɓin da karnukan suka yi a kan fitsarin maza masu ciwon dajin prostate wajen koyar da na'ura ta gane warin da kanta, kuma an wallafa sakamakon farko na wannan aiki a 2021.