Wandon Aiki: Auduga ko Zaren Roba?

Masu walda da kanikawan Hanwa kan sayi wandon kaki mai manyan aljihuna a wurin 'yan gwanjon kasuwar Sabon Gari. Amma kaurin yadi kaɗai ba ya nuna nagarta. Zaren roba na foliyesta yana da ƙarko, sai dai yana narkewa a zafin digiri 250 ko sama kaɗan, har ya manne wa fata idan wuta ta kama shi. Auduga kuwa, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke inganta irinta, tana shan gumi, kuma toka take zama. Gwajin mai sauƙi ne: a zaro zare ɗaya, a kyasta masa ashana. Idan ya dunƙule ya yi tauri, wannan wando bai dace da mai walda ba.