Mu shirya gida tun ɗari bai zo ba

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Nan gaba kaɗan ɗari zai shigo. A ƙasarmu yana farawa cikin watan Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ya lafa wajen ƙarshen Fabrairu. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Tana ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga wani kwari na arewacin Cadi mai suna Bodele. A Maraɗi da Damagaram, da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da 15. Ga babba mai bargo, wannan ba kome ba ne. Ga jinjiri da tsoho kuwa, abin tsoro ne.

Abu uku ɗari yake kawo ma gida: sanyi, gobara da ƙura. Duka ukun ana tare su tun ba su iso ba.

Gyaran ɗaki

Ku zaɓi rana guda, ku fitar da kayan ɗaki duka waje. Ku share ƙasa, ku kakkaɓe rufi. Sa'an nan ku duba bango da kyau, don damina takan bar tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ba ƙadangare kaɗai ba: kunama da kuɗin cizo da iskar asuba duk nan suke bi. Ku kwaɓa laka ku liƙe. Tagar da ke duban gabas ko arewa, ku sa mata labule mai kauri. Amma kada ku toshe kowace kafa. Ɗaki ma yana son numfashi.

Ku wanke barguna, ku shanya tabarmi da katifa cikin rana tun safe har la'asar. Ku gwada ma yara rigunan sanyi na bara. Wadda ta matse babba, a ba ƙaninsa. Wadda ta yage, a ɗinke. In da abin saye, ku saya yanzu. Ranar da sanyi ya kama, kowa kasuwa zai nufa, kaya su yi tsada.

Tsakar gida da wuta

A lokacin ɗari kome ya bushe, iska kuma ba ta hutawa. Tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa. A wani ƙauye da na taɓa karantarwa, an zuba toka a juji da dare, ashe da sauran garwashi ciki. Kafin gari ya waye, rumbunan gidaje da dama sun ƙone. Noman shekara ya tafi cikin dare ɗaya.

Don haka ku kwashe kara da harawa da itacen girki, ku aje su nesa da murhu. Kada murhu ya jingina da zana ko darni. Ku nome busasshiyar ciyawa kewaye da rumbu, ku bar ƙasa fili. In an gama girki, a yayyafa ma garwashi ruwa har ya mutu. A ɓoye ashana inda hannun yaro ba ya kai. Man fetur da kananzir kada su kwana ɗakin barci. Ku aje tulun ruwa da bokitin yashi kusa da madafa. A birni, lambar kiran masu kashe gobara ita ce 18.

Gawayi cikin ɗaki

Nan ne nike so ku saurara ƙwarai. In gawayi yana ci cikin rufaffen ɗaki, yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ko babu hayaƙi, tana nan. In mutum ya shaƙe ta, sai ta shiga jininsa, ta hana jinin ɗaukar iska mai kyau. Da farko kai ya yi ciwo, sai jiri, sai amai da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin kome. Haka ake samun iyali duka sun kwanta ba su tashi ba.

In kun ji ɗumi da kaskon wuta, ƙofa ta zama buɗe. Kafin ku kwanta, ku fitar da kaskon waje. Bargo ya kwana da ku, ba garwashi ba. In kun tarar da wanda gubar ta kama, ku buɗe ƙofa, ku fito da shi sarari, ku kai shi likita nan take.

Ƙura da sanƙarau

Ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, ta buɗe ma cuta hanya. Shi ya sa sanƙarau ya fi yawa daga ɗari zuwa bazara, musamman inda mutane da yawa suke kwana ɗaki guda. A shekarar 1995 ya kashe dubban mutane a Nijar. A 2010 an fara wata sabuwar allurar rigakafi, ta rage iri ɗaya na cutar ƙwarai. Amma akwai wasu iri, kamar wanda ya kama Yamai a 2015.

Ku yayyafa ruwa kafin shara. Ku rufe randa da kwanukan abinci. In an yi shelar allura, ku kai iyali duka. Wanda ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, ko jinjirin da maɗigarsa ta kumbura, kada a jira gobe.

Wannan aiki duka bai wuce kwana biyu ko uku ba, kuma yawancinsa ba ya cin ko dala. Maigida ya kama bango da rumbu, uwargida ta kama ɗaki da madafa, yara su kwashe kara. Allah ya kai mu bazara lafiya.

Tambayoyi

1. Daga ina iskar hunturu take busowa?
2. Don mi ba a kwana da garwashi cikin ɗaki?
3. Ku rubuta abu uku da za ku gyara gidanku cikin wannan mako.